Littafin Gwanaye a Hannun Ɗan Koyo: Hirarmu Kan Buɗin Najdorf

Masu saurare ta waya da masu karanta rubutun a shafi duk ina gaishe ku, musamman mutanenmu na Nasarawar Burkullu da Bukkuyum da Gummi da Anka, da waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da gida suna bin mu daga Gusau ko Sakkwato. Allah ya kawo mana sauƙi.

Yau ba maganar siyasa za mu yi ba, ba kuma ta kasafin kuɗi ba. Maganar wasa ce, amma kada kowa ya kashe waya tukuna. Saƙo ne ya shigo daga wani ɗan'uwa a Gummi, malamin firamare, wanda ke tara yara da yamma yana koya musu ces, wasan nan da malamanmu ke kira shaɗaranji, wasu kuma su ce darar Bature. Da yawa cikin yaran nasa ƴan gudun hijira ne daga ƙauyuka. Ya ce ya samu wani littafi a intanet kan wani salon buɗe wasa da ake kira Najdorf, ya kai shagon kwamfuta aka buga masa, shafi sama da 400, da kuɗin aljihunsa. Wata uku yana hadda. Sai ga wani yaro ɗan aji shida cikin ɗalibansa ya cinye shi sau biyu a jere, da takun da ko sau ɗaya bai gani a littafin ba. Tambayarsa biyu ce. Littafin ne ƙarya ko kansa ne ba ya ja? Sannan ya ci gaba da koya wa yaran daga ciki ko ya ajiye?

Malam, Allah ya saka da alheri. Littafin ba ƙarya ba ne, kanka kuma lafiya lau yake. Ba kai aka rubuta wa shi ba, shi ke nan. Amma kuɗinka bai faɗi ƙasa banza ba, in dai ka san yadda ake cin irin wannan tuwon.

Bari in fara ɗauko waɗanda ba su taɓa zama gaban allon ba, kada mu bar su a baya. Allon ces gida 64 ne. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko d5. Kowane ɓangare, fari da baƙi, yana da ƴaƴa 16: sarki, sarauniya, doki biyu, giwa biyu, hasumiya biyu, da dakaru takwas a gaba. Giwar nan Turawa limamin coci suke ce mata, amma Larabawa giwa suke kira, ni ma ita na fi so. A rubuce doki N ne, giwa B, hasumiya R, sarauniya Q, sarki K. Dakare ba shi da harafi, sunan gidan da ya taka kawai ake sawa. Buɗi kuma shi ne takun farko goma zuwa goma sha biyar, lokacin da kowa ke fito da mayaƙansa yana kama wuri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan dattawa masu dara a gindin bishiya ya san wannan ba baƙon abu ba ne. A dararmu mai gurbi 30, kafin a fara ci sai kowa ya jera ƴaƴansa 12 ɗaya bayan ɗaya. Gwani tun a wurin jerin nan yake cinye ka, kai kana ganin ba a ma fara ba. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru sun yi suna a kanta. Bambancin kawai, namu gwanayen ba su rubuta jerinsu ba, in tsoho ya tafi ya tafi da abinsa. Su masu ces sun fi shekara dubu suna rubutawa. Kuma ba Turawa suka fara ba. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, al-Adli ya rubuta littafin shaɗaranji a ƙarni na tara, bayansa aka yi Abubakar as-Suli, gwanin fadar Halifa al-Muktafi. Suna da jeri iri-iri na buɗe wasa da suke kira ta'abiya, kalmar da ake amfani da ita wajen jera runduna, kowane da sunansa. A wancan wasan sarauniya gida ɗaya take takawa a karkace, wasan sannu ne. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 a Sifaniya aka ba ta ƙarfin da take da shi yau, wasa ya yi zafi, kuskure ɗaya a taku na bakwai ya isa ya kai ka ƙasa. Daga nan littattafan buɗi suka fara kumbura har suka kai wanda malam ya buga.

To, Najdorf. Ga masu karatu na rubuta takun: 1.e4 c5 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6. Taku biyar ke nan. Baƙi ne ke zaɓen wannan salon, reshe ne na babban buɗin da ake kira Sisiliya. Zakarun duniya biyu, Bobby Fischer na Amurka da Garry Kasparov, da shi suka yi kaurin suna in suna riƙe da baƙi.

Mai sunan, Miguel Najdorf, Bayahuden Folan ne, an haife shi a 1910. A 1939 ya tafi Buenos Aires ta Ajantina wakiltar ƙasarsa a gasar duniya. Suna tsakiyar gasa Jamus ta afka wa Folan, hanyar gida ta toshe, ya maƙale a can. Matarsa da ƴarsa da iyayensa da ƴan'uwansa duk aka kashe su a yaƙin. A 1943 ya yi wasa da mutum 40 a lokaci guda ba tare da yana kallon allo ba, a 1947 a Sao Paulo ta Burazil ya ƙara, da mutum 45. Ya sha faɗin cewa ya yi haka ne don labarin ya shiga jaridu, ko wani nasa da ya tsira zai gani ya neme shi. Ba wanda ya neme shi. Malam, ranar da za ka koya wa yaran nan naka wannan buɗi, ka ba su labarin mai sunan. Akwai waɗanda za su gane shi fiye da ni da kai.

Yanzu mu dubi taku na biyar ɗin, a6. Dakare ne na can gefe ya matsa gida ɗaya. Bai ci kowa ba, bai fito da doki ba, bai fito da giwa ba. Duk ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo, wato ka fito da mayaƙanka da wuri, wannan takun ya saɓa mata. Me ya sa manya ke yin sa? Littafin gwanaye ba zai gaya maka ba, don a wurinsa wannan kamar a tsaya koya wa mahaddaci Fatiha ne. Ga dalilin. Baƙi so yake ya tura dakarensa e5 ya kori dokin fari daga tsakiya. In ya yi haka nan take, giwar fari za ta faɗo b5 ta yi wa sarki barazana. In ya tare da tasa giwar, sai fari ya yi musaya, baƙi ya rasa giwar da ke gadin fararen gidaje, dokin fari kuma ya samu wurin zama. Shi ya sa ake fara toshe b5 da a6, sannan a yi e5. Ga riba ta biyu, a6 na share wa b5 hanya, dakarun gefen sarauniya su taso.

Amma komai da kuɗinsa. Da zarar dakaren baƙi ya taka e5, gidan d5 ya zama kango. Dakaren layin c an riga an yi musayarsa, na layin e ya wuce, dakare kuma ba ya komawa baya. Ba sauran dakaren da zai iya korar wanda ya zauna a d5. Wallahi in ka riƙe wannan kaɗai, ka riƙe rabin littafin nan naka. Kusan duk rigimar Najdorf a kan gidan nan ɗaya take. Duba ka gani. A taku na shida fari yana da zaɓi da yawa. In ya sa giwa a e2 ko e3, baƙi kan yi e5 hankali kwance. In ya sa giwa a g5, to ya nufi dokin f6 ne, wanda shi ne mai gadin d5. Ka yi e5 a nan, ya cinye dokin, dokinsa ya hau d5 ya zauna maka a ƙirji. Don haka sai ka yi e6. In ya sa giwa a c4, tana hararar d5 da f7, nan ma e6 za ka yi ka toshe mata ido. Kun ga babi huɗu ke nan na littafi, kowanne da shafuka masu yawa, amma tambaya ɗaya ce ke juya su: wa zai mallaki d5?

Shi littafin gwanaye ba haka yake magana ba. Zai jero maka taku ashirin, ya buɗe baka ya kawo wani reshe, cikin reshen ya buɗe wani, har ka manta daga inda ka fito. A ƙarshe sai ya sa alama. Alamar motsin rai na nufin taku mai kyau, alamar tambaya kuskure, alamar daidai na nufin ba wanda ya fi, akwai kuma wata mai kama da takwas a kwance wadda ke nufin abin a cukurkuɗe yake. Waɗannan alamomi wani gidan buga littattafan ces a Belgrade ne ya yaɗa su. Su ne suka fara fitar da kundin buɗe wasa mai juzu'i biyar a 1974, suka raba duk buɗin duniya gida 500, daga A00 zuwa E99. Najdorf na zaune daga B90 zuwa B99. Kundin kusan ba jimla a cikinsa, taku ne da alamomi, don Barashe da Balarabe da Bahaushe su karanta shi daidai. Wannan abin a yaba ne, ni yana burge ni, ba ka buƙatar Turanci mai yawa. Amma ku lura da abin da aka cire don a samu hakan. An cire "saboda". An bar "yi kaza", an cire dalilin yin kazan.

Kuma inda littafin ya sa alamarsa ya yi shiru, nan ne naka wasan ke farawa. In ya ce baƙi ya ba da dakare amma yana da abin da ya maye masa, gwani ya kalli allo ya ga abin: layin c a buɗe, hasumiya za ta iya faɗa wa dokin c3 ta wargaza gidan sarkin fari, dakarun gefe na tafe. Kai kuma da ka haddace taku ashirin ka iso nan, abin da kake gani kawai shi ne an fi ka dakare ɗaya. An sauke ka a tasha cikin dare a garin da ba ka san kowa ba.

Kada ku ɗauka ƴan koyo kaɗai hadda ke kayarwa. A 1955 an yi babbar gasa a Gothenburg ta Suwidin. Ƴan Ajantina uku, shi Najdorf ɗin da Oscar Panno da Herman Pilnik, suka zauna a masauki suka shirya wani sabon reshe a cikin wannan buɗi, suka yarda sun gano abin da ba wanda ya sani. Sai aka yi dace a zagaye ɗaya dukansu uku suna riƙe da baƙi, kowanne gaban ɗan Tarayyar Sobiyet: Panno da Efim Geller, Najdorf da Paul Keres, Pilnik da Boris Spassky. Allo uku, taku iri ɗaya. Geller ya sadaukar da doki a e6 a taku na 11, sarauniyarsa ta kori sarkin baƙi zuwa f8. A taku na 13 kuma ya ɗauki giwa ya ajiye ta a b5. Ku tuna fa, b5 shi ne gidan da aka yi a6 don a hana shiga. Ya ajiye ta a bakin dakare, ga ta nan ka ci. In ka ci, ta riga ta kauce wa hasumiya hanya, wuta ta sauko wa sarkinka ta layin f. In ba ka ci ba, ta tsare dawakin da kake son kawowa agaji. Keres da Spassky suka bi sahu. Su ukun nan duk aka cinye su rana ɗaya. Dara ta ci gida, mai buɗin da kansa na ciki.

Abin da ke ba ni sha'awa a labarin shi ne abin da ya biyo baya. Shekara uku bayan nan, a 1958 a Portoroz, Fischer yana ɗan shekara 15 ya shiga wannan reshen da kowa ya ce ya mutu, gaban Svetozar Gligoric. A taku na 13 ya matsar da hasumiya h7, wasa ya tashi canjaras. Wato reshen bai mutu ba, amsar na nan a allo tun ranar farko. Mutum uku manya sun shirya tare, kowa ya jingina da cewa sauran biyun sun duba. Mu da ke zaman ƙungiyoyin matasa mun san wannan ciwon. A kawo takardar tsari daga Abuja ko Legas, kowa ya gyaɗa kai don ya ga kowa ya gyaɗa, sai an je ƙauye a tarar hanyar da takardar ta ce a bi ba ta biyuwa bayan la'asar. To, wannan hira ce ta wata rana.

Akwai reshen da na san shi ne ya fi cin shafuka a littafin malam, wanda ake kira dakare mai guba: 6.Bg5 e6 7.f4 Qb6 8.Qd2 Qxb2. Sarauniyar baƙi ta fita ita kaɗai ta ciyo dakare a b2. Fari ya bar mata shi da gangan, don yayin da take neman hanyar komowa shi yana fito da runduna. Fischer ya yi shekaru yana cin wannan dakaren yana tsira. A 1972 a Reykjavik, wasa na 11 na karawarsu ta kambun duniya, Spassky ya mayar da dokinsa b1, gidan da ya fito, takun da ɗan koyo zai yi wa dariya. Sarauniyar Fischer ta rasa mafita, ya sallama wasan, ko da yake shi ya ɗauki kambun a ƙarshe. A Afrilun 2021 kuma, a Yekaterinburg ta Rasha, Fabiano Caruana ya zo wa Maxime Vachier-Lagrave na Faransa, wanda ake sawa cikin waɗanda suka fi kowa sanin Najdorf a wannan zamani, da sabon taku a na 18, ya ba da giwa kyauta. Abu ne da aka dafa a gida da kwamfuta. Bafaranshen ya yi ta kare kansa sa'o'i, a ƙarshe ya faɗi. Malam, wannan shi ne dajin da kake son shiga da haddar wata uku. Duk littafin da aka buga kafin ranar nan bai san da takun ba.

Sunan nan na dakare mai guba ba ya wuce ni haka kawai, don mu nan mun san abin da ake ɗauka da murna ashe ajali ne a ciki. A 2010 dutsen gwal da ake dakawa a cikin gidaje a Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da Ƴargalma a nan Bukkuyum, ya zo da gubar dalma, yara aƙalla 400 suka rasu. Bagega sai 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan matasa sun yi ta matsa wa gwamnati lamba a saki kuɗin aikin. Amma ba zan ja kwatancen da nisa ba. Mai cin dakaren b2 ya san da gubar, an rubuta masa a littafi, shi ya zaɓa. Iyayen yaran nan ba kwaɗayi ya kai su ba, talauci ne, kuma ba wanda ya gaya musu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mu koma kan yaron da ya cinye malaminsa. Malam ya turo min takun. Bayan 1.e4 c5, yaron giwa ya fitar c4 a taku na biyu, a wasa na biyu kuma sarauniya ya fitar h5. Shi ke nan, ba Najdorf. Kafin a kai matsayin da littafin ya fara, sai fari ya yarda ya yi taku biyar ɗin nan yadda aka rubuta. In bai yarda ba, shafi 400 sun zama matashin kai. Gwanaye ba su cika yin takun yaron ba, shi ya sa littafinsu bai ɓata tawada a kai ba. Amsar kuwa mai sauƙi ce in kana tambayar kanka abin da abokin wasa ke nufi. Giwa a c4 f7 take hara, sai ka yi e6 ka toshe ta, daga baya ka tura d5 ka kore ta. Sarauniya a h5 dakarenka na c5 take so, sai ka kare shi da e6 ko d6, sannan ka fito da doki f6 ya kore ta, ka samu taku kyauta. Malam ya ce shi d6 da a6 ya ci gaba da jerawa kamar yadda ya haddace, yana jiran yaron ya dawo kan hanya. Yaro kuma bai san akwai wata hanya ba, f7 kawai yake gani.

To yaya za a yi da littafin? Ni ga yadda nake yi da nawa. Ba na karanta shi a kwance, sai da allo a gabana, in ba allo in zana a kwali in sa marafan kwalba. Ina bin babban reshe kaɗai, wanda aka rubuta da baƙin rubutu mai kauri, in tsallake duk ƙananan rassan cikin baka. A kowane taku sai in rufe shafin da hannu in tambayi kaina me zan taka a nan, sannan in duba. In muka saɓa da littafin ba na wucewa sai na gano abin da ya gani wanda ban gani ba, in rubuta shi da Hausa a ɗan littafina, jimla ɗaya. "Ya yi h6 don giwa ta faɗi inda za ta." Irin haka. Wani takun yakan ci min yamma guda. Ina tsayawa a taku na goma ko sha biyu, ba na wuce nan. Daga nan sai in kira aboki mu jera matsayin mu buga shi, ni baƙi shi fari, mu juya allo mu sake. Ƙananan rassan nan ba na komawa kansu sai ranar da wani ya taka min ɗaya a wasa, sannan in je in duba kamar yadda ake duba ƙamus. Ba wanda ke haddace ƙamus daga bango zuwa bango. In kuma littafin ya kawo cikakken wasa na manya, wannan kam ina bin sa har ƙarshe, don a nan ake ganin abin da ake yi da matsayin bayan an sauka daga mota.

Wani zai ce ai duk wannan wahala ce, ga manhaja a waya tana nuna maka takun da ya fi cikin daƙiƙa. Haka ne, ina amfani da ita. Amma mu nan mun san darajar takarda. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, makonni muka yi ba Lichess ba WhatsApp. Wanda ke da littafi da allo shi ya ci gaba da wasa. Kuma ko da sabis, manhajar lamba take ba ka, ta ce fari ya fi da kaza. Ita ma ba ta faɗin saboda me.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san za ta zo a sharhi. Hukuncin wasan. A mazhabarmu ta Malikiyya an tsananta a kansa, Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta hana shi. Shafi'awa kuma suna ganin makaruhi ne in babu caca, bai sa an jinkirta salla ba, bai jawo zagi da rantse-rantse ba. Saɓani ne tsoho, ni kuma ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya koma wurin malaminsa. Shawarata ga mai tara yaran mutane ita ce kada ya yi shi a ɓoye. Ya je wurin iyaye da limamin unguwa ya faɗi abin da yake yi, ya saurari abin da za su ce. Ko sisi kada a ɗora a kan wasa, in an kira salla a tashi ko sarki na cikin wuta. Uban da ya ce ɗansa ba zai yi ba, a bar masa ɗansa, ba gardama. A Legas Tunde Onakoya ya fara aikinsa na koya wa yaran unguwannin talakawa ces a 2018, har ya kai ga zaman sa'a 60 yana wasa a New York a 2024 don tara kuɗin karatun yara. Abin koyi ne, amma Ikorodu daban Gummi daban, abin da ya wuce can ba tambaya nan sai an zauna an yi magana.

Tambayarka ta biyu, malam, ko ka koya wa yaran daga littafin. A'a. Ka ajiye shi don kanka. Yaro ɗan shekara goma da ke barin doki a ci masa kyauta ba Najdorf yake buƙata ba. Ka koya musu yadda ake kama sarki da sarauniya, da yadda ake kama shi da hasumiya ɗaya, da yadda dakare ɗaya ke kaiwa ƙarshen allo in sarki na dafa masa. Ka koya musu kafin kowane taku su duba me ake shirin ci musu. Buɗi kuma su kama tsakiya, su fito da doki da giwa, su kai sarki maɓoya, ya ishe su shekara guda. Shi kuma yaron da ya cinye ka, ka zaunar da shi ka yi masa e6, ka bar shi ya nemi wata dabara da kansa. Ranar da ya tambaye ka me ya sa giwarsa ta daina aiki, ranar za ka buɗe masa shafin farko.

Ga aikin gida ga masu allo. Ku jera taku biyar ɗin nan har a6, sannan fari ya yi 6.h3. Dakaren gefe ya amsa wa dakaren gefe. Manya suna yin sa sosai a yanzu. Kada ku duba waya. Ku rubuto min a sharhi, da Hausa, jimla ɗaya ko biyu, me fari ke shiryawa da wannan takun, kuma ina ruwansa da dokin f6 da gidan d5. Mako mai zuwa zan karanto amsoshin kafin mu shiga batun takin zamani da farashinsa a kasuwannin yankinmu. Mutanen Gummi, ruwa ya fara sauka, a kula da bakin gulbi.